Filato ko Mambila: ina mai keken burji zai fara nufa?

Keken burji, wato keken nan mai lanƙwasasshen kai irin na 'yan tsere, amma tayarsa da kauri da ƙuraje, ya fara yawa a hannun matasan Abuja da Kaduna da Kano. Ba don kwalta aka ƙera shi ba. Aikinsa hanyar burji, da hanyar gona, da turbar da motar itace ta bi shekara da shekaru ta bari. Sai dai wanda ya saye shi a ƙasar Hausa ba ya daɗewa yake ƙosawa, domin ƙasar a shimfiɗe take, rana kuma tun hantsi ta fara dukan ƙeya. Daga nan sai a shiga tambayar inda za a sami tudu da gangare, da sanyi, da inuwar kurmi. A Arewa wurare biyu ne ke zuwa baki: tsaunin Filato da ke kewaye da Jos, da tsaunin Mambila a jihar Taraba.

Ba zan ɓoye ra'ayina sai ƙarshe ba. Wanda bai taɓa kai kekensa tsauni ba, ko wanda kwana uku kacal ya samu daga wurin aiki, ya nufi Filato. Mambila ta fi ta kyau nesa ba kusa ba, amma ta mai mako guda ce zuwa sama, mai abokan tafiya, wanda ya iya gyara kekensa da hannunsa. Ba ƙarfin cinya kaɗai ya raba wuraren biyu ba. Abin dubawa shi ne yadda za ka fita in sarƙa ta tsinke ko gwiwa ta haɗu da dutse bayan la'asar, kana nesa da gari.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, duwatsun Shere da ke gabashinta kuma sun haura mita 1,700. Amma da zarar ka hau Filato, samanta fili ne mai faɗi, duwatsu ne suka tsiro jefi-jefi a cikinsa, wasu a ɗore kan wasu irin na Riyom. Hawa a nan gajere ne. Ka dage na ɗan lokaci, ka kai kan tudu, ka sami fili ka huce. Mambila ta fi tsayi, kimanin mita 1,600 a tsaka-tsaki, kuma fili ya yi mata ƙaranci. Tudu ne bayan tudu, kowane gangare a rafi yake ƙarewa, kowane rafi kuma da hawa a bayansa. Saboda haka kada a auna tafiyar can da kilomita. Wanda ya saba cinye kilomita 80 a hanyar Zariya kafin azahar zai iya yini a kan rabin haka a bayan Nguroje, ya dawo ƙafa na rawa. In za ka tsara hanya a taswirar waya, jimillar mitocin da za a hau ita za ka fara kallo.

Ga kuma iska. A tsayin Mambila, abin da kake shaƙa ya ragu da kusan kashi 17 cikin ɗari in aka kwatanta da bakin teku, a Jos kuwa wajen kashi 13. Wannan bai kai ya kwantar da mai lafiya ba, amma mutumin Kano zai ji haki ya zo masa da wuri a ranar farko. Kada a sa hanya mafi wuya a wannan ranar.

Abin da ya sa Filato ta dace da irin wannan keke, kuza ce. Tun farkon ƙarni na ashirin kamfanonin Turawa suka shiga haƙar ta, har aka ja mata ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Bukuru, wanda aka rufe a 1957. Kamfanonin sun tafi, amma hanyoyin da suka fasa tsakanin ramukan haƙa da barikokin lebura suna nan, sun zama hanyoyin ƙauye. Daga Rayfield ka ratsa ta bayan Bukuru, ko ka gangara kudu wajen Bisichi da Barikin Ladi, za ka iya yini kana sauya turba ba ka maimaita ɗaya ba, kana wuce tafkunan da haƙa ta bari da tulin jar ƙasa a gefensu. Ƙasan hanyar marmara ce mai tauri, wadda taya ke kamawa da kyau, sai ɗan yashi a kwari da gargada inda manyan motoci suka yawaita. Wanda yake son hawa ya bi ta Lamingo ya shiga gindin Shere, inda turba ke ƙanƙancewa dutse ya fito fili. Wanda yake son tafiyar nishaɗi ya nufi Vom, ta cikin gonakin dankalin Turawa da kabeji da acca. Doguwar tafiya kuma ita ce ta Kurra Falls, inda kamfanin NESCO ya kafa tashar lantarki ta ruwa tun wajen 1929 don ciyar da ma'adinan kuza da wuta.

Abu uku ne ke cutar baƙo a waɗannan hanyoyi. Tafkunan kuza suna da zurfi, gefensu a tsaye yake, kuma sun ci mutane. Komai zafin jiki kada a faɗa wanka. Masu haƙar gargajiya suna barin ramuka masu zurfin rijiya a cikin ciyawa, don haka ba a yanke ta cikin fili in ba a ga sawu ba. Sai shingen ƙerana da manoman yankin ke kewaye gona da shi: ƙayarsa tana huda taya, farin ruwansa kuma in ya shiga ido an gama tafiyar ranar.

Inda Filato ta gaza shi ne kurmi. Saman tsaunin ciyawa ce da dutse, itatuwan da ke akwai yawanci na shuka ne. Akwai ɗan dajin Amurum a Laminga, kimanin kilomita 15 daga Jos, mai faɗin kusan hekta 300, amma wurin binciken tsuntsaye ne na cibiyar APLORI. Izini ake nema, a jingine keke a shiga da ƙafa. Kurmi na sosai yana ƙasa, a gindin tsaunin ta kudu maso yamma, inda ruwan sama ya fi yawa: wajen Assop Falls, da dajin gwamnati na Nimbiya, da duwatsun Kagoro a kudancin Kaduna. Can akwai inuwa da rafuka, amma ka sauka daga tudu, zafi ya dawo. Kuma hanyar zuwa ta Hawan Kibo ce, gangaren da tireloli ke shanye birki a kansa. Ban ga dalilin da zai sa mai keke ya yi gasa da su ba. A ɗora keke a mota, a sauke shi a ƙasa.

Mambila tun daga zuwanta aiki ne. Daga Jalingo za ka bi ta Bali, ka wuce Serti, ka isa Mayo Selbe a gindin tsauni, tafiyar da ke cinye mafi yawan yini. Daga nan hanya ta miƙe sama tana murɗawa a jikin dutse, ta Hawan Biyu da Sisi, har ta fito Maisamari. Bangon tsaunin a wasu wurare ya kai mita 900. Mai ji da ƙarfi zai so ya hau shi a kan keke, kuma ana iyawa tunda kwalta ce, amma a fara da asuba kafin zafin kwarin ya tashi. Bayan Maisamari sai Nguroje, sai Gembu, hedkwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Yankin yana cikin ɓangaren Kamaru ta Arewa da ya zaɓi shiga Nijeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961, kuma har yau iyaka ba ta da nisa, abin da ya sa dole katin shaida ya kasance a aljihu.

Babbar hanyar nan ita kaɗai ce kwalta mai tsawo, ita ma ta mutu a wurare. Duk abin da ya rabu da ita ƙasa ce: ta Nguroje zuwa Mayo Ndaga, ta gonar shayi ta Kakara inda ake yin Highland Tea, da waɗanda suka gangara kogin Donga a kudancin Gembu, inda a wasu mashigai kwalekwale ne zai tsallakar da kai da kekenka. Ka dubi motocin da ke jigila a waɗannan hanyoyi, za ka fahimci halinsu: tsofaffin Land Rover ne da babura, ƙaramar mota ba ta ko gwadawa. Jar laka ce. In ta bushe tana da daɗin gudu, sai dai kwazazzabon da ruwa ya yanka a tsakiya da sawun kofaton shanu da ya daskare, wanda ke girgiza hannu har ya yi tsami. In kuwa ta sha ruwa, santsinta kamar an malala miyar karkashi a kan siminti, sannan ta cushe tsakanin taya da ƙarfe har wili ya ƙi juyawa. A nan ba hawa kake ba, ba turawa kake ba, ɗauka kake.

Amma idan hanya ta bushe, babu inda ya kama ƙafar Mambila a ƙasar nan. Tuddai kore shar iya ganinka, garken shanu a kowane gefe, layukan itacen turare kewaye da garuruwa, hazon safe kwance a kwari kana samansa. Da rana tsaka ma zafi bai cika wuce digiri 25 ba. Kuma nan ne kurmin tsauni na gaske yake. Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa tsakanin Maisamari da Nguroje, daji ne da aka keɓe tun 1969. Faɗinsa murabba'in kilomita 46, ko da yake kurmin kansa ɗan yanki ne a jikin gangare, kuma akwai birai iri-iri a ciki har da cimfanzi. A ƙasa kuma ga gandun Gashaka-Gumti, mafi girma a Nijeriya, sama da murabba'in kilomita 6,400, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1991, ofishinsa a Serti. A cikinsa Chappal Waddi yake, dutse mafi tsayi a ƙasar, mita 2,419.

Sai dai a fahimci wani abu kafin a ɗaura niyya saboda hoton kurmi. A Mambila ma, keke yana kai ka bakin kurmi ne, ba cikinsa ba. Ngel Nyaki wurin bincike ne, masana na aiki a ciki, turbarsa ta ƙafa ce mai gangare. Gashaka kuma ba a shiga sai da izini da rakiyar ma'aikatan gandu, ga koguna da za a ratsa, ga tsando a kwari. Wanda burinsa ya yi yini yana gudu a ƙarƙashin inuwar itatuwa, babu ɗaya daga cikin tsaunukan biyu da zai ba shi wannan yadda yake zato. Mambila za ta ba shi tudun ciyawa da kurmi a lungu-lungu, Filato ta ba shi dutse da fili.

Lokacin zuwa ba ɗaya ba ne. Daminar Filato daga Afrilu zuwa Oktoba take, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, amma marmara ba ta riƙe ruwa sosai, don haka ko da damina ana iya fita da safe a dawo kafin hadari ya haɗu. Abin tsoro shi ne tsawa a fili marar mafaka, da ƙanƙarar da kan zubo a farkon damina. Mambila ruwanta ya fi yawa ya kuma fi daɗewa, yakan fara tun Maris ya kai ƙarshen Oktoba. Ƙofarta ƙarama ce: Nuwamba zuwa farkon Disamba, lokacin da hanya ta bushe ciyawa ba ta bushe ba. Bayan nan a sa wa ciyawa wuta, tuddai su yi baƙi, hazon hunturu ya rufe nesa, abin da ya kawo ka ya ragu da rabi. A wuraren biyu dai daren Disamba da Janairu sanyi ne na gaske, a tafi da rigar sanyi da safar hannu.

Yanzu ga keken kansa, inda na fi so a tsaya. Taya mai faɗin milimita 38 zuwa 40 ta ishi Filato. Mambila tana son 45 zuwa sama, da sarari tsakanin taya da ƙarfe saboda laka. Giya kuma dole ta yi laushi: faifan baya mafi girma ya kai na gaba yawan haƙora, ko ya fi shi, in ba haka ba rabin tuddan a ƙafa za ka hau su. Gaskiya ma, wanda yake da keken dutse mai miƙaƙƙen kai kada ya raina shi, a bayan Gembu ya fi keken burji amfani. Maganar birki, na faranti ya fi na roba a laka da dogon gangare, amma tsakanin mai aiki da mai da mai aiki da waya, na waya zan ɗauka zuwa Mambila. In ta tsinke, kowane mai gyaran keke ko babur zai yi maka dabara. Na mai in ya tsiyaye, ka yi sallama da shi sai ka dawo birni.

Akwai tarkon da baƙi ke faɗawa. Suna ganin mai faci a kowane ƙauye sai hankalinsu ya kwanta, alhali kayansa ba na kekensu ba ne. Tayar Raleigh da Phoenix da ake kira inci 28 ta fi wilin keken burji girma kaɗan, ba ta zama a kansa; ta inci 26 ta kekunan gwanjo kuma ta yi masa ƙanƙanta. Siririn bakin tif na keken burji ma famfon mai faci ba ya kama shi sai da ɗan ƙarfen da ake ɗaura masa. A Jos in ka zagaya wurin masu kekunan gwanjo kana iya dacewa da abin da ya lalace, ko a sako maka shi a motar Abuja ya iso a yini. A Nguroje babu wannan. Tif biyu ko uku, taya guda ta ajiya, famfo, mahaɗin sarƙa, takalmin birki, wayar giya, da ɗan ƙarfen da giyar baya ke rataye a jikinsa, wanda shi ke fara karyewa in keke ya faɗi ta dama: duk a jakarka za su taho. Jiki ma haka. Jos tana da asibitin koyarwa a Lamingo da wasu manya. Gembu tana da babban asibiti, amma mummunar karaya sai an gangara da mutum Jalingo, a kan hanyar nan da ta ci maka yini. Hular kwano ba ado ba ce a ko'ina, balle a can.

Tsaro ba a yi masa kara. Filato ta sha rikici, kuma wasu daga hanyoyin da suka fi daɗin keke suna cikin ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa: Barikin Ladi, Riyom, Bassa, Bokkos, Mangu. An tare matafiya a hanyar Rukuba a 2021, an yi kashe-kashe a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimeti na 2023. Mambila ta ga nata a 2017 tsakanin manoma da makiyaya, hanyar Bali kuma an sha jin labarin masu garkuwa a kanta, don haka ba a bin ta da dare. Bambancin shi ne a Filato lamari kan sauya daga wannan ƙauye zuwa na gaba, daga wannan mako zuwa wancan, taswira kuma ba ta nuna wannan. Ɗan gari ake nema a tafi da shi, a tambayi direbobin tasha da safe, in suka ce kada a bi, kada a bi. A Mambila saman tsaunin ya fi kwanciya a yawancin lokaci, amma baƙo ba ya ɓuya. In ka shiga ƙauye ka fara da gaida Jauro, wato mai gari, ka faɗi inda ka fito da inda za ka. Hausa za ta fisshe ka a kasuwa, amma Fulatanci ne harshen hanya, gaisuwa biyu da shi tana buɗe ƙofa. Filayen kiwo da yawa an kewaye su da waya, suna da masu su, ba a tsallakawa. In ka haɗu da garke a burtali ka sauka ka ba su hanya. Saniya mai ɗan maraƙi ba ta san keke mai tsada ba.

Wani zai ce ina tsaunin Obudu na jihar Kuros Riba? Tana da tsayi, kusan mita 1,600, da ɗan kurmin Becheve, da hawan kilomita 11 mai lanƙwasa sama da ashirin. Amma hawan kwalta ne, saman kuma ba shi da faɗin da zai riƙe mai keken burji kwana uku. Ta mai keken tsere ce.

Wajen kuɗi da masauki Filato ta fi sauƙi ta kowace fuska. Ka kama ɗaki ɗaya a Jos ko Bukuru, kullum ka fita da ruwa da ɗan guzuri ka dawo ka kwana a gado, keke ba kaya. In wani abu ya faru, ba ka cika nisa da kwalta ba, za ka sami motar kayan gwari ta dawo da kai. Mambila akwai masauki a Gembu da Nguroje, amma da ka yi nisa sai kwana a gidan mutane ko a tanti, kaya a kan keke, sabis na waya yana zuwa yana ɗaukewa, mai POS ba ko'ina ba. A sauke taswira a waya tun daga gida, a riƙe tsabar kuɗi ƙananan canji, ruwan rafi kuma a tafasa ko a tace, domin shanu sun riga ka zuwa. Mutum uku ya fi biyu: in ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo babur.

Kwana biyu na zuwa da biyu na dawowa daga Kano ko Abuja su ne kuɗin shiga Mambila kafin ka taka feda, sai ka ƙara ranar hutawa. Shi ya sa mai hutun ƙarshen mako ba shi da abin yi a can. A tasha kuma, ko ta Jos ko ta Jalingo, kada ka miƙa keke ga masu lodi ka tafi shan shayi. Ka cire wili biyu da kanka, ka kwance giyar baya ka naɗe ta da tsumma ka ɗaure a jikin ƙarfe, ka sa kwali tsakanin farantin birki da kayan mutane. In direba ya yarda ka biya kuɗin kujera ɗaya keke ya shiga ciki, ka biya, ya fi a ɗaure shi a but a danne da buhun masara.